Ƙas-Ƙas Ɗin Mota Magana Ce, A Saurara Kafin A Sayi Batir

A ce da asubahi ne a Kangire, cikin hunturu, ga mai naƙuda za a kai asibiti a Birnin Kudu. Direba ya murɗa makulli, maimakon inji ya tashi sai aka ji "ƙas-ƙas-ƙas". Nan take kowa zai zama gwani: wannan ya ce batir ya mutu, wancan ya ce kik ya ƙone. A tara yara su tura, washegari mai mota ya sayar da riɗinsa ya sayo sabon batir, bayan kwana biyu kuma ƙarar ta dawo. Ra'ayina shi ne, wannan asara ta rashin bincike ce, kuma ɗalibin sakandare da ya fahimci darasin lantarki yana iya hana ta.

Bari mu fara da asalin ƙarar. Kik, wanda Charles Kettering ya sa wa motar Cadillac a Amurka a 1912, ƙaramin injin lantarki ne mai juya babban inji har ya kama. Yana da haɗama ƙwarai, domin a ƙaramar motar fetur yakan ja amfiya 100 zuwa 200. Saboda haka aka haɗa shi da wani makunni mai aiki da maganaɗisu, ana ce masa silinoyid. Idan an murɗa makulli, silinoyid yakan tsunkuyo ya haɗa kik da batir, kuma ƙarar haɗuwar ce muke ji. In wuta ta gaza, da zarar kik ya fara ja sai ƙarfin ya faɗi, silinoyid ya saki, ƙarfin ya dawo, ya sake kamawa. Wannan kamu da saki shi ne ƙas-ƙas a jere.

To amma gazawar wuta ba lallai ba ne ta zama laifin batir. A nan ne dokar da Georg Ohm na Jamus ya bayyana a 1827 take aiki: ƙarfin da ke ɓacewa a hanya daidai yake da yawan wutar da ke gudana sau turjiyar hanyar. Mu ɗauka farin garin nan da ke taruwa a kan batir ya haifar da turjiya ta om 0.02 kacal. Fitilun gaba masu jan kimanin amfiya 9 ba za su rasa ko bolt 0.2 ba, don haka za su haska tangararan. Amma kik mai jan amfiya 150 zai rasa bolt 3 cur daga cikin 12. Ka ga ke nan lafiyayyen batir yana iya kasa tayar da mota saboda dauɗa ko sako-sakon noti.

Saboda haka a bi abin daki-daki, daga mai araha zuwa mai tsada. Da farko a kunna fitilun gaba, sannan a murɗa makulli. In sun dusashe, a tuhumi batir ko mahaɗinsa. A girgiza kawunan batir a ga ko suna motsi, a duba wayar da ta haɗa shi da jikin mota. A wanke farin garin da ruwan kanwa, domin kanwa tana kashe kaifin asid, sai dai kada a bari ya shiga cikin batir. In akwai mita, cikakken batir yakan nuna kimanin bolt 12.6, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba lokacin tayarwa. Bayan inji ya tashi a sake aunawa: in ba a ga wajen 14 ba, altaneta ba ta caji, ko kuwa bel ɗinta ya saki, kuma sabon batir ma zai ƙare kamar tsohon. In kuwa "ƙas" ɗaya aka ji, fitilu ba su ko girgiza ba, a koma kan silinoyid ko kik. Dukansa da sifana da akan yi yakan girgiza burushin da ya cinye ya kama na ɗan lokaci, amma gyara yana nan yana jira.

Yanayinmu ma yana da hannu. Zafin bazara yana ƙafar da ruwan batir yana cin farantansa na darma, sanyin hunturu kuma ya tona asirin raunin. Sannan a kiyaye: batir yana fitar da iskar haidurojin mai fashewa. Kada a gwada shi da tartsatsin sifana, kada a kusanto da ashana, kuma wayar mai alamar ɗebewa ake fara cirewa.

Wani zai ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, a bar wa bakanike sana'arsa. Gaskiya ne hannun da ya shekara ashirin a gareji ya san abin da littafi bai faɗa ba, kuma kwance kik aikinsa ne. Amma da asubahi a ƙauye bakanike yana nesa, kuma mai motar da ya san abin da zai tambaya ba a yi masa canjin kaya bisa cinta. Bakanike na ƙwarai ma wannan tsari yake bi, ko da bai taɓa jin sunan Ohm ba.

Kirana ga malaman kimiyya a makarantun Birnin Kudu da Gwaram shi ne, a roƙo mataccen batir da tsohon kik daga gareji, a gayyato bakanike aji, yara su auna da hannunsu, domin gani ya kori ji. Ku kuma ɗalibai, duk ranar da mota ta yi ƙas-ƙas a ƙofar gidanku, kafin ku sa kafaɗa ku tura, ku ce a kunna fitila tukuna. Allah ya sa mu dace.