ZAUREN SHAWARA: Wace Riga Za A Sa Wajen Cin Abincin Dare A Jirgin Ruwa?

 

Maganar wannan wata ta iyayenmu ce waɗanda Allah ya ba 'ya'ya a ƙasar Faransa. Akan sami yaro ya tara kuɗinsa, ya nema wa mahaifansa biza, ya saya musu tikitin yawon shaƙatawa na mako guda a cikin babban jirgin ruwa. To, takardar jirgin sai ta zo da bayanin sutura: wani daren an rubuta masa "gala", sauran darare kuma "décontracté", wato daren sakewa. Na gala bai ɗaure wa kowa kai ba, kayan salla ake nufi. Daren sakewar nan shi ne ke sa dattijo tunani. Wani ya ɗauka kayan zaman gida ake nufi, wani kuma har ya fara neman bashin sayen kwat.

Kafin mu shiga batun, bari mu raba jiragen gida biyu, domin mutumin Tamanraset da zai yi wannan tafiya yana iya shiga dukansu.

Na farko shi ne jirgin fito. Bayan ka ci wajen kilomita 1,900 daga nan zuwa Alje, shi ne zai ƙetare da kai Bahar Rum zuwa Marsiliya, tafiyar kamar awa 20. Kamfanin Algérie Ferries ke da irinsu, kamar Tassili II da aka ƙera a 2004, da Badji Mokhtar III wanda ya iso Alje daga ƙasar Sin a 2021, mai ɗaukar fasinja 1,800 da mota 600. Wannan jirgin matafiya ne da kayansu. Ka ɗauki farantinka, ka bi layi, ka ci, babu mai duban rigarka.

Na biyu shi ne jirgin shaƙatawa, otel ne sukutum a kan ruwa. Kamfanonin MSC da Costa suna ɗaukar fasinja daga Marsiliya su zaga da su biranen Italiya da Sifen. Jirgin MSC World Europa, wanda aka gama ƙerawa a Faransa a 2022, yana ɗaukar fasinja fiye da 6,000. A irin wannan jirgi akwai babban ɗakin cin abinci mai fararen mayafan tebur, ana ba kowane iyali teburinsa da lokacinsa, wasu wajen magariba, wasu bayan isha'i. A ƙofar wannan ɗaki ne ake duban sutura.

Al'adar kuwa tsohuwa ce. Tun zamanin manyan jiragen da ke kai Turawa Amurka, masu tikitin sahun farko sai sun sake kaya kafin cin abincin dare. Daren farko da na ƙarshe akan ɗaga musu ƙafa, saboda ba a kwance akwatuna ba, ko kuma an riga an ɗaure su. Da zamani ya juya, sai dararen sakewa suka yi yawa, na ado suka ragu. A tafiyar kwana 7 yanzu, daren gala ba ya cika wuce ɗaya ko biyu.

To, me suke nufi da sakewa? Ga Bature, doguwar wando ce da taguwa mai kwala, ba kwat, ba lakataye. Matarsa kuma riga mai sauƙi. Abin da suke ƙi da dare shi ne kayan wanka, da gajeren wando, da singileti, da silifan roba. Wanda ya zo da waɗannan ana iya tare shi a ƙofa a ce ya koma ya sake, ko ya tafi ɗakin ɗibi-da-kanka da ke can sama, inda ba a matsa wa kowa. Dattijo ya zo da iyalinsa a mai da shi daga ƙofa a gaban jama'a, ai wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Idan aka auna da namu, amsar a hannunmu take. Kayan da magidanci ke sawa in zai je gaisuwar surukai, ko ɗaurin auren maƙwabci da ba shi ne waliyyi ba, su ne kayan daren sakewa. Kaftani ko jamfa da wando, wankakku gogaggu, da hula, da takalmi sau-ciki. Wannan shigar ta cika sharaɗin da suka gindaya har ta yi saura. Babu dalilin da zai sa mutum ya zuba kuɗi a kan kwat da bai saba da ita ba, wadda in ya dawo Tamanraset sai dai ƙura ta cinye ta a rataye. Kayan aro ba ya rufe katara. Kuɗin kwat ɗaya, in ka kai su kasuwar Assihar, za su saya maka yadi mai kyau, telanka na unguwa ya ɗinka maka kaftani biyu.

Sai dai akwai wasu kayan namu da ke son a yi hattara da su.

Babbar riga a ajiye ta sai daren gala, ranar za ta yi daidai, ba wanda zai fi ka. A sauran darare wahala ce kawai. Teburan a matse suke, ga kofuna jere, hannun riga na iya share su in ka miƙa hannu, kuma matakalan jirgi suna da yawa.

Rawani mai shuni, irin ɗan Kura da ake rinawa a ƙasar Kano, wanda mu da maƙwabtanmu Abzinawa muke ji da shi, kowa ya san yana zuba. Abin da ke ado a fatar goshi ɓarna ne a kan farin mayafin tebur da matashin kai. Mai son naɗi ya tafi da fari, ko wanda rininsa ba ya sauka. Mai amawali kuma ya sani za a ɗauki hoton fuskarsa lokacin shiga jirgi, kuma duk shiga da fita sai an gwada shi da hoton. Ban da haka, tun watan Afrilu na 2011 dokar Faransa ta hana rufe fuska a bainar jama'a, tararta tana kai Yuro 150. Saboda haka a Marsiliya a sauke amawali ƙasan haɓa.

Hula kuwa, wasu jirage suna hana shiga ɗakin abinci da hana-salla. Zanna ko ƙube ko dara ba su cikin wannan lissafi, domin cikon sutura ne. In wani sabon ma'aikaci ya yi magana, a yi masa bayani cikin lumana, in ta kama a nemi shugaban ɗakin. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Takalmi shi ne inda aka fi samun matsala. Mu mutanen zafi ne, mun saba da silifa. Takalmin fata irin na Agadas yana da kyau da rana, amma da dare wanda ya rufe ƙafa ya fi kwanciyar rai, kuma ya fi riƙe ƙasa in jirgi yana tangaɗi.

Ga iyayenmu mata, riga da zane na atamfa, ko doguwar riga, ko abaya, da ɗankwali da mayafi, sun wadatar. Leshi da gwal da babban ɗauri a bar wa daren gala. Mai ɗaura lafaya ta kama ta da fil a kafaɗa, ta kuma ɗage ta kaɗan daga ƙasa, saboda iskar teku da matakala. Takalmi mai tsini a bar shi a gida. Akan kuma yi wani dare da ake so kowa ya fito da fararen kaya. Wannan mu ba sai an koya mana ba, a dai saka farar shadda ɗaya a cikin akwati.

Abu biyu kuma a shirya su tun daga gida. Ba a yarda fasinja ya shiga da dutsen guga ba, haka ma garwashi da kasko da turaren wuta, domin babu abin da masu jirgi ke tsoro kamar gobara. Akwai masu wanki da guga a ciki, amma da kuɗi, kuma Yuro ne. Don haka a kai shadda bugu, a turara kaya, a ninke su da kyau kafin a tashi, in an shiga ɗaki a rataye su nan take. Sannan a tafi da rigar sanyi. Mu da ke zaune a tudun Ahaggar mun san sanyin dare, to na teku yana haɗe da laima, ga na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa ko da bazara.

Ga lissafin mako guda ga magidanci: kaftani uku, ɗaya fari, babbar riga ɗaya, hula biyu, takalmi sau-ciki ɗaya, rigar sanyi ɗaya. Uwargida kuma atamfa uku, leshi ɗaya, farar shadda ko abaya, da mayafi mai kauri. Kowane kamfani da nasa tsari, kuma kullum ana ba da sanarwar suturar daren a takardar shirin yini, sai a sa yaro ya karanta. Matambayi ba ya ɓata.

Hausawa na cewa in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Gaskiya ne, amma a wannan karon jelar tana cikin adakarmu tun tuni. Mu shiga da kayanmu, tsaf-tsaf, mu zauna mu ci abin da aka biya mana.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo mana da su lafiya, ya yi wa 'ya'ya albarka. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.