Kafin Ku Yi Faɗa a Kan Thanos, Kun San Kilba?

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a tsakanin samarinmu, daga rumfunan tura fim na kasuwar Illela zuwa teburan mai shayi a Lafani, har tsallaken iyaka a Birnin Ƙwanni. Wa ya fi ƙarfi, Superman ko Thor? Marvel ko DC? Shin Krrish na Indiya zai iya karawa da Spider-Man? Ana yin ta da jijiyar wuya, wani lokaci har a kwana ana gaba.

Ni ban ga laifin gardamar ba. Al'ummar da ta yi shekaru tana musu a kan Shago da abokan karawarsa a fagen dambe ba za ta ga baƙon abu a nan ba. Abin da ke ɓata mini rai wata magana ce da ɓangarori biyu masu adawa da juna suka haɗu a kanta. Masu ƙyamar waɗannan finafinai suna cewa, wannan shirmen Turawa ne, ba namu ba ne. Masoyansu kuma suna cewa, ai Bahaushe ba zai iya irin wannan ba, shi dai soyayya da kishiya. Dukansu abu ɗaya suke faɗa: ƙirƙirar duniyar da ba a taɓa gani ba, ba aikin Bahaushe ba ne. Wannan magana kuwa ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai tsada.

Mu duba tarihi. An fara buga labarin Superman a Amurka a 1938. Shekara huɗu kafin nan, a 1934, an riga an buga Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Ganɗoki ya yi yaƙi da Turawa, sannan labarin ya ɗauke shi zuwa duniyar aljanu. Ahmadu Ingawa ya ba mu Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda ya daɗe a zaune ba ya iya tafiya, daga baya ya miƙe da ƙarfin da ba na kowa ba. Idan wannan ba shi ne ƙashin bayan labaran jarumai masu baiwa ba, to mene ne? A 1969 kuma, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya haɗu da Kolin Koliyo, baƙo daga sararin samaniya, suka yi tafiya tare. Labarin kimiyya ne, da Hausa, fiye da shekara hamsin da suka wuce. Bayansu ga marubutan littattafan yaƙi irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda aka yi ta haya da karanta littattafansu ana kallon masu karatun a matsayin marasa aikin yi.

To ku tambayi saurayin da ya haddace sunayen duwatsu shida na hannun Thanos ko ya san Kilba. Da wuya. Laifin ba nasa kaɗai ba ne. Ba a ba shi littafin ba, ba a mayar da shi fim ba, ba a zana shi ba. An bar shi da abin da ke cikin memori, shi ya sa ya ɗauka tarihi daga can ya fara.

Masu shirya finafinan Kannywood suna da amsar da suka saba bayarwa: babu kuɗi, babu na'ura, kuma masu kallo soyayya suke so. Maganar kuɗi gaskiya ce, ba wanda ke da kasafin Hollywood a Kano. Amma maganar masu kallo ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Wa ke sayen fassarar Algaita ta finafinan Indiya masu mutum-mutumi da jarumai masu tashi sama? Mutanenmu ne, har da waɗanda ba su jin Turanci ko Indiyanci. Kasuwar tana nan, wasu ne ke cin ta. Kuma rubutu ba ya buƙatar na'ura. Nnedi Okorafor, 'yar asalin Nijeriya, da alƙalami ta ci kyautar Hugo a 2016 da littafinta Binti, daga baya Marvel ta ba ta rubutun labarin Shuri. A Legas, Comic Republic sun gina jarumansu da zane a waya da kwamfuta. Kugali sun yi Iwájú tare da Disney a 2024, labarin Legas ta nan gaba. Ina Sakkwato ta nan gaba? Wa ya hana mu zana ta?

Ga masu ƙyama kuma, damuwarsu ba ta banza ba ce. Uban da ya ji ɗansa na kiran wani mai guduma da sunan abin bautar tsawa yana da hujjar ɗaure fuska. Sai dai hani kaɗai bai taɓa cike gurbi ba. Fim yana shiga waya a minti biyu, ba ya neman izinin kowa a bakin iyaka. Yaron da ba ka ba shi jarumi ba zai aro na maƙwabta, da duk kayan da ke jikinsa.

Kuma idan ba mu ba da labarinmu ba, ga yadda ake ba da shi. Black Panther na 2018, wanda muka yi ta tafa wa, ya leƙo Arewacin Nijeriya sau ɗaya: dajin Sambisa, 'yan bindiga, mata a bayan mota, sai baƙo ya diro daga sama ya cece su. Iyakar rabonmu ke nan a wannan duniya tasu. Mu ne waɗanda ake ceto.

Alhali kayan aiki a zube suke a ƙofar gidanmu. 'Yan tauri da wuƙa ba ta kama su. Layar zana da baduhu. Sarkawa da ruwansu, maharba da dajinsu. Hamada da ke matsowa kudu shekara bayan shekara. Layin da Ingila da Faransa suka shata ya raba Illela da Ƙwanni, ya raba dangi ɗaya gida biyu. Marubucin da ya zauna ya tambayi kansa yadda wannan iyaka za ta kasance bayan shekara ɗari, wa zai riƙe ruwa, wa zai riƙe hasken rana, ya riga ya sami littafi.

Saboda haka ku ci gaba da musunku, ba wanda ya hana. Amma idan wani matashi ya fito da labarinsa na jirgin sararin samaniya da Hausa, ko ɗan fim ɗin da ya harhaɗa da waya wanda wutarsa ba ta yi kama da wuta ba, kada ku zama na farko wajen yi masa dariya. Ku karanta, ku faɗi inda ya gaza, ku biya kuɗin littafin maimakon neman a turo muku kyauta. Malaman Hausa kuma su ciro Tauraruwa Mai Wutsiya daga ƙura su sa a hannun ɗalibai. Ranar da aka ji samari biyu a Lafani suna sa-in-sa a kan ko Iliya zai iya kayar da Ganɗoki, ranar ce gardamar za ta fara amfanar mu.