Tiya Ɗaya, Girma Goma: Darasin Jamus ga Kasuwannin Hatsin Kano

A ƙauyukan arewacin Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Bichi da Dambatta, gona na jingine da gona, kuma da wuya a ga fili ya kwana shekara ba a nome shi ba. Inda ƙasa ta yi ƙaranci haka, kowace tiyar gero tana da lissafi a gidan manomi. Abin takaici, ita kanta tiyar ba ta da tsayayyen girma.

A al'ada ana lissafin buhu tiya arba'in. Amma wace tiya? Akwai kwanon da aka bubbuge gindinsa ya zurfafa, da shi ake saye. Akwai wanda aka tura gindinsa ciki, da shi ake sayarwa. Wani ma'auni ya cika da tozo, wani ya tare da hannu, wani ya shafe baki. Da kaka manomi yana sayarwa da babban kwano saboda bashi da biki sun taso, da damina kuma ya dawo ya sayi abinci da ƙarami. Ya yi hasara sau biyu kafin a zo maganar farashi. Hatsin kuwa yana isa Dawanau, ana lissafa shi da buhu da kilo, ribar gibin ta tsaya a hannun mai tarawa.

Jamus ta taɓa zama cikin irin wannan ruɗani. Kafin haɗewarta a 1871, kusan kowace masarauta da ma'auninta. Ma'aunin hatsi da ake kira shefel yana ɗaukar kusan lita 55 a Purusiya, kusan 104 a Diresdin, fiye da 220 a Bavariya. Suna ɗaya, girma ninki huɗu. Na abin sha ma haka, mas na Bavariya ya ɗara lita ɗaya da kaɗan, na wasu yankuna ya sha bamban. Ɗan kasuwan da ya san lissafi ya ci riba, baƙauye ya biya.

Yadda suka warware matsalar shi ne abin dubawa. Dokar awo ta 1868, wadda ta fara aiki a faɗin ƙasar a farkon 1872, ta kawo lita da kilo, amma ba ta fizge sunayen gargajiya daga bakin jama'a lokaci guda ba. Ta bar shefel, ta ƙayyade shi lita 50. Ta bar shofen, ma'aunin abin sha, ta ce rabin lita ne. Har yau Bajamushe na neman fund a kasuwa, kowa ya san giram 500 yake nufi.

Wannan ce hanyar da ta dace da Kano. Masu cewa a jefar da kwano a koma sikeli sun manta cewa shi ma sikeli ana murɗa shi, jiƙaƙƙen hatsi kuma ya fi busasshe nauyi. Tsohuwar da ba ta karanta lamba tana ganin cikar kwano da idonta. Don haka a bar tiya da mudu, a yanke musu lita sananniya, a ƙera su iri ɗaya da hatimin hukuma, a kuma tsayar da ƙa'ida guda kan tozo.

Tsarin mulkin 1999 ya sanya awo da ma'auni a hannun gwamnatin tarayya, sai dai jami'in Abuja ba zai zagaya kasuwannin ƙauye kowane mako ba. Aikin yau da kullum na ƙananan hukumomi ne da sarakunan kasuwa da Hisba, tare da ajiye kwanon gwaji a kowace kasuwa wanda duk mai shakka zai je ya gwada.

Abin ba baƙo ba ne. Al'ummar da ke fidda zakkar kono da mudun Annabi huɗu, ta kuma san nisabin hatsi sa'i 300 ne, ta daɗe da sanin tsayayyen ma'auni. Suratul Muɗaffifina kuwa an buɗe ta ne da gargaɗi ga masu tauye awo. Abin da ya rage shi ne kwanon kasuwa ya samu kulawar da mudun masallaci ke samu.