Maharbi Mai Karaya Ya Jingine Baka

Manoman Zakka da na ƙauyukan Safana da Batsari, a gefen dajin Rugu, sun gaji harbi tun kakanni. Da an tare amfanin gona sai maharbi ya saɓi kwari da baka. To, in tsautsayi ya sa ya faɗi, ƙashin nan da ya taso daga gindin wuya zuwa kafaɗa ya karye fa?

Dabara dai akwai ta. A ƙasashen Turawa mai hannu ɗaya ya kan riƙe baka da hannun, ya ja tsarkiya da haƙori. Matt Stutzman, mutumin Amurka da aka haifa ba hannuwa, da ƙafa ya riƙe baka har ya ci zinariya a wasannin naƙasassu na Faris a 2024.

Amma wannan dabarar wanda ya rasa hannu ce. Mai karaya hannunsa na nan, hutu ya ke bukata. Jijiyar wuya a jikin ƙashin nan ta ke, in an ja da haƙori sai ta motsa ɗorin. Ƙashin babba kuwa ya kan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe.

Saboda haka ya je asibiti, ya rataye hannu da ƙyalle, ya yi haƙuri. Kafaɗar da ta ke jan baka da rani, ita ce mai jan garma da damina. Wanda ya sayar da ita saboda zomo, rumbunsa zai ba da labari.