Jinyar tsofaffin ma'aikatan yuraniyom a Arlit

Tun da kamfanin haƙar yuraniyom na COMINAK ya rufe mahaƙarsa ta Akouta ranar 31 ga Maris 2021, maganar jinyar tsofaffin ma'aikata ta zama wajibi a Arlit da karkarar Dannet. Duk gidan da za a kwantar da su, ingancinsa daga gini yake farawa: a auna iskar radon a ɗakuna, a gwada ruwan sha, a binciki ƙarafa, domin tun 2003 cibiyar CRIIRAD ta Faransa ta gano ƙarafa masu tururin nukiliya a garin. Sannan a riƙa juya majinyaci kada kwanciya ta ci bayansa, a kuma duba huhunsa akai-akai. Likitan da zai duba kuwa, lallai kada albashinsa ya fito daga aljihun kamfanin haƙa.