Ƙarya Fure Take

Shirye-shiryen talabijin da ake cewa zahirin zaman mutane suke nunawa, kasuwar waɗansunsu ta ja da baya a Amurka. A 2006 mutum wajen miliyan 30 ke kallon gasar waƙa ta American Idol. A 2016 ba su kai rabin haka ba, har tashar Fox ta ajiye ta. Waɗansu sun ɗora wa intanet laifi. Ni kuwa a ganina jama'a sun gane ana yanka hotuna a harhaɗa domin a ƙago kuka da gardama, shi ya sa suka gundura. To, mu da za mu tsaya gaban yara gobe, sai mu kula, gama yaro yakan gane malami mai riya nan da nan. In kuwa ya gane, ya daina saurara ke nan.