Ku Daina Fizgar Hannun Mara Lafiya

Ku masu jinya, da ku nake. Mahaifinku ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, ko babur ya kayar da ƙaninku kafaɗa ta goce. Bayan wata biyu hannu ya ƙi ɗaguwa, sai ku yanke hukunci cewa sanyi ne. Ku sayo maganin ciwon jiki a kemis, ku kira mai ɗori ya murɗa, ya ja, mara lafiya yana ihu kuna ce masa ya daure. Wannan cutarwa ce, ko da niyyarku alheri ce.

Ciwo biyu ne kuke haɗawa. Na farko ƙagewar kafaɗa: jakar da ta lulluɓe gaɓar ce ke kauri ta tsuke, har wani ma ya kasa ɗaga masa hannun. Ya fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60, musamman mata da masu ciwon suga, kuma yakan ja shekara ɗaya zuwa uku. Na biyu raunin jijiyoyin da ke kawo saƙo daga lakar wuya zuwa hannu. Nan za ka iya ɗaga masa hannun, amma shi ba zai iya ba. Fata ta mutu, tsokar kafaɗa ta rame, ko zafi ya riƙa sauka har yatsu.

Abin takaici, ɗaya yakan haifi ɗaya. Jijiya ta raunana, hannu ya zauna wuri guda, gaɓa ta ƙage. Ku kuma sai ku ƙara da kama mara lafiya ta hammata kuna tayarwa, ko ku bar hannun yana reto babu matashi, alhali tsokar da ke riƙe gaɓar ba ta da ƙarfi. Ta haka gaɓa ke zamewa, jijiya ta ƙara miƙewa.

Wace hujja gare ku? Kuɗin da kuka zuba a shafe-shafe da allurai ya isa ganin likita. Ku kai shi a duba wuya da ƙarfin tsoka, a gwada suga. Ku je sashen gashin ƙashi a koya muku motsa hannun a hankali kullum, ba tare da tilastawa ba. In yana zaune, ku tallafe hannun da matashi. In za ku tayar da shi, ku riƙe gangar jiki.

Mara lafiya amana ne a hannunku. Wanda bai san yadda ake taɓa kafaɗar ba, ya tambaya kafin ya nakasa ɗan'uwansa.